Kiwon Kyankyaso a Ƙasar da Tsaka Ke da Gata

Zangona na farko a Malesiya wani bencin ƙarfe ne a filin jirgi. A kansa na zauna rungume da jakata, ina jiran mutumin da ejan ɗinmu na Kano ya ce zai tarbe ni. A cikin jakar akwai takardar digirina ta fannin kare amfanin gona daga ƙwari, da 'yan tufafi, da wata farar langa mai murfi wadda Inna ta cusa min cike da ƙuli-ƙuli. Na so in bar langar a gida don kada a yi min dariya, amma ban iya ce wa Inna a'a ba. Ni dama a'a tana yi min nauyi a baki tun ina ƙarami.

Da mutumin ya zo, ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo hannu, ya ce in ba shi fasfo za a buga masa hatimin aiki. Na tambaye shi ko zai yiwu in riƙe abina zuwa gobe, idan hakan ba zai ɓata wani tsari ba. Ya dube ni, ya dubi agogonsa. Sai na ji kunya, na miƙa masa. Rabona da taɓa fasfo ɗina ke nan.

Abin da ejan ya gaya mana a gida shi ne, wai wani ɗakin bincike ne yake neman wanda ya karanci ƙwari. Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, aiki kuma ya gagari mai takarda. Na gama hidimar ƙasa na dawo ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, ina bin Baba gona, ranar kasuwa in bi shi rumfar hatsi. Da maganar tafiya ta zo, Baba ya yi ta gaya wa abokansa cewa Shu'aibu zai je koyo maganin ƙwarin rumbu ya kawo musu. Ban gyara masa ba, don ni ma haka na ɗauka.

Zango na biyu wata doguwar rumfar kwano ce a bayan gari, tsakiyar gonakin kwakwar manja. Tun daga ƙofa wari ya tare ni, irin na tsohon rumbun da ruwa ya shiga. Ciki kuwa manyan robobi ne jere a kan katako har sama, kuma wani sauti yana fita daga cikinsu kamar yayyafi a kan busasshen kara. Ina tsaye ina neman inda na'urorin bincike suke, sai na ji an yi min sallama da Hausa. Wallahi sai na juya da sauri don daɗi. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, da tsumma a kafaɗa.

“Kai ne ɗan bokon da aka ce yana tafe? Mutumin ina?”

“Tsanyawa.”

“Ikon Allah! Ni Ɗanlami, daga Minjibir. Ashe maƙoci aka kawo min. To Farfesa, matso ka gaisa da ɗalibanka.”

Ya ɗaga murfin wata roba. Kwalayen ƙwai ne a tsaitsaye, kuma ko'ina a jikinsu kyankyasai ne, manya da ƙanana, sun yi baƙi ƙirin suna motsi. Na ja da baya har na buge katako.

“Kashe su ake yi a nan?” na tambaya. “Wato gwajin magani?”

Ɗanlami ya yi dariya har da riƙe ciki. “Kashewa? Kiwonsu ake yi, ɗan'uwa. Karas suke ci da lemo. Ni rabona da lemo tun a gida.”

Ya ja ni zuwa ɗan shagon da ke gaban rumfar, wai in ga masu cin kayan. A cikin wani akwatin gilashi na ga tsaka, rawaya mai ɗigon baƙi, da wutsiya mai kauri kamar ɗan rogo. Ban san lokacin da na sunkuya na cire takalmi ba. A gidanmu ba a shawara a kan tsaka. In ta faɗa abinci zubarwa ake yi, saboda ita Inna ke rufe randa da faifai ta ɗora dutse, kuma tun muna yara ake gaya mana wanda ya kashe ta yana da lada. Ɗanlami ya cafke hannuna.

“Kul! Mayar da takalmin nan. Wannan da kake gani tana da suna, tana da likita, tana da takardar haihuwa. Kai fa, wace takarda gare ka a ƙasar nan?”

A nan na gane aikin da na zo yi. Mutanen can suna ajiye irin wannan tsakar a gida kamar yadda muke ajiye tantabara, kuma abincinta kyankyaso ne mai rai. Mai wurin, wanda muke kira Oga, shi ke sayar musu. Da ya shigo ya karɓi takardar digirina, ya sa ta a gilashi ya rataye a bangon shago, don masu saye su ga yana da masani. Sannan ya buɗe aljihun teburinsa ya nuna min fasfo ɗina, kore shar, a kan wasu. Da guntun Turancinsa ya ce in na cika wa'adin aikina zai ba ni, ya haɗa min da tikitin gida. Ya mayar ya kulle. Daga ranar duk abin da na yi a ƙasar nan, da aljihun tebur ɗin nan a raina na yi shi. Hatimin aikin kuwa ba a taɓa bugawa ba, bizar da na shigo da ita ta mutu ina ji ina gani, don haka ko ƙara ba ni da bakin kaiwa.

Tunda ba ni da abin yi, sai na duƙufa na koyi aikin da kyau. Wataƙila tsoro ne ya sa, wataƙila hali ne, ban sani ba. Ɗanlami shi ba ruwansa, a wurinsa kyankyaso kyankyaso ne, ya zuba musu abinci ya kwashe kashi ya tafi. Ni kuwa aikina rarrabewa ne, kuma iya abin da na lura, iri huɗu ne ke shiga hannunmu.

Mai daraja a cikinsu shi ne dubiya. Macen faffaɗa ce mai sheƙi, fukafukanta guntaye kamar an yanke, namijin kuma nasa sun rufe masa baya duka. Ba ya sauri, in ka taɓa shi lafewa yake yi, ba ya yin ƙwai a waje, haihuwa yake yi. Babban abin da ya sa ake son sa shi ne ba ya iya hawa abu mai santsi. Ka zuba shi a tasa, nan za ka dawo ka same shi. Akwai wani ja da muke kira ɗan tsere, saboda kafin ka ƙifta ido ya ɓace, yana zubar da kwanson ƙwai ko'ina, amma shi ma santsi yana kayar da shi. Akwai mai ruwan toka wanda gilashi ma hawa yake yi, shi ya sa ake shafa basilin a bakin robarsa. Na huɗun ba a kiwonsa, korarsa ake yi. Shi ne ɗan ƙaramin nan na ɗakin girki da kowa ya sani, mai baƙaƙen layuka biyu a bayan kai. Shi ma gwanin hawa ne, kuma tunda a kwata da bayan shaguna yake rayuwa, ba ka san irin gubar da ya lasa ba. Tsakar da ta ci shi tana iya kamuwa da makyarkyata ta mutu.

Manya ba su da wuyar ganewa. Wuyar tana ga 'ya'yan, don su ake saya wa ƙananan tsaka, kuma duk ba su da fukafuki. Ɗan dubiya zagayayye ne, shimfiɗaɗɗe, mai dabbare-dabbare kamar ƙwayar gurjiya da aka danne. Ɗan na ɗakin girki siriri ne, baƙi, da haske a tsakiyar baya, gashin bakinsa dogo yana ta rawa. Nakan zuba su a faranti in girgiza don na ƙasa su hau sama, sannan in tsince baƙin ido. Duk lokacin da na yi haka sai in tuna Baba a kasuwar Tsanyawa. Shi ba ya auna wa mutum hatsi daga bakin buhu. Sai ya zura kwano har ƙasa, ya juye a faifai, ya girgiza, ya miƙa wa mai saye ya gani da idonsa, ko da kuwa mai sayen bai nema ba. Tun ina ɗan firamare ni ke riƙe masa faifan. Na yi ta yi har hannuna ya haddace, ba sai kai ya sa baki ba.

Ranar Juma'a nake kiran gida, bayan an sauko. Inna ce ke fara karɓa.

“Shu'aibu, kana cin abinci kuwa? Muryarka ta shige.”

“Ina ci, Inna.”

“A langar?”

“A cikinta.”

Wannan gaskiya ne, a cikinta nake cin shinkafata kullum, in wanke in kife. Sai ta ce, “To wai aikin naka mene ne takamaimai? Babanku ya ce maganin ƙwari, ƙanwarka Hajara ta ce asibiti.”

“Ya ɗan shafi ƙwari, Inna. Da ɗan kiwo-kiwo haka.”

“Allah ya yi albarka. Geron bana ya fara fitar da kai, amma na bakin rafi ya yi ja, babu taki.”

Sai in riƙa jin kukan akuyarmu ta cikin wayar, da bugun turmi daga gidan Kawu. A can kullum da yamma ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ƙasa kore ko'ina, amma ba gero ko zangarniya ɗaya. Nakan tsaya a bakin rumfa ina kallon ruwan yana tafiya a banza, ina tuna yadda Baba ke ɗaga kai yana neman hadari.

A cikin masu sayen kaya akwai wata tsohuwa da Ɗanlami ya sa wa suna Gwaggo Mai Lema, don ko rana ko ruwa da lemarta take zuwa. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu a haɗarin babur ya bar mata tsaka uku, ita kuma ta ci gaba da kula da su. Ta taɓa gaya min da farko ƙyamarsu take yi, ko ɗakin ba ta shiga. Na ce mata ni ma haka, har na ba ta labarin takalmi. Ta yi dariya sosai, ta ce ashe duk hanya ɗaya muka biyo. Ita kaɗai ce a ƙasar nan ta tambaye ni sunan mahaifiyata. Da azumi, duk da ba Musulma ba ce, ta zo min da dabino a ƙulle a leda, ta ajiye a kan tebur. Kuma ba ta yarda kowa ya zuba mata kaya sai ni.

Ana haka annobar nan da ta game duniya ta zo, aka kulle gari. Karas da lemo suka yanke, fankokin rumfa suka lalace ba mai gyara, zafi ya kashe dubiya roba-roba. Masu tsaka kuwa ba su daina nema ba, don tsaka ba ta san kulle ba. Sai wata safiya na ga wani mutum ya sauke buhuna daga bayan babur. Da na buɗe ɗaya na ji warin kwata da na maganin feshi, irin warin fiya-fiya. Ƙananan nan ne masu layuka biyu, da 'ya'yansu, an kamo su a bayan gidajen abincin da aka rufe.

Oga ya ce a gauraya su da sauran 'ya'yan dubiya. Akwai wata farar hoda ta ƙarin ƙarfin ƙashi da ake barbaɗa wa kyankyaso kafin a ba tsaka. Ya ce a zuba ta da yawa har layukan su ɓace, a shafe bakin kowace robar sayarwa da basilin, a rufe a manne, kada a buɗe a shago. Na same shi a teburinsa.

“Ranka ya daɗe, ina ganin kamar, ban dai tabbatar ba, amma akwai yiwuwar waɗannan ba irin namu ba ne. Kuma wataƙila sun taɓa magani.”

“Ka tabbata?”

Na tabbata. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Sai dai a ƙara dubawa.”

Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗan tura fasfo ɗina gaba da yatsa yadda zan gani. Ya ce an kusa buɗe filin jirgi. Idan kayan nan suka ƙare lafiya, ba ƙorafi, zai sallame ni tun kafin wa'adi. In wani ya tambaya, ni ne masani, in ce dubiya ne zalla. Ya rufe.

Na koma rumfa. Ɗanlami yana shafa basilin, ko ɗago kai bai yi ba.

“Farfesa, na ga bakinka yana motsi. Haɗiye.”

“Za su kashe musu dabbobi, Yaya Ɗanlami.”

“Dabbobi! Tsaka ce fa. Ba kai ne ka cire mata takalmi ba? A gida lada ake ba ka, a nan ga lada ga fasfo. Ni da nake da 'ya'ya mata uku a Minjibir, babbar an sa mata rana ban ga mijin ba, ka ji na yi tari?”

Har yau ma ba na ganin laifinsa. Na ɗauki hoda na barbaɗa, na rufe robobi, na jera. Masu saye suna zuwa da takunkumi a fuska, su karɓa daga nesa su tafi, ba mai tambaya. Na fara sa rai har ina ƙiyasta abin da zan saya wa Inna na tsaraba.

Sai ga Gwaggo Mai Lema wata rana da hantsi. Na gama cin abinci ke nan, na wanke langata na kife a gefen teburin shago. Oga yana zaune a kujerarsa. Ta rufe lema, ta jingine ta, na ga idonta ya faɗa. Ta ce satin da ya wuce maƙocinta ta aika ya sayo mata, kuma tun daga ranar ƙaramar cikin ukun take karkarwa, jiya ta mutu. Ita ce wadda ɗanta ya fi so. Sauran biyun yunwa suke ji, ba ta da inda za ta je sai nan.

Oga ya yi mata ta'aziyya, ya ce zafi ne, bana zafi ya kashe da yawa. Ya ɗauko roba a rufe ya miƙo min in ba ta, ya nuna takardar da ke bango. “Ga masani nan, tambaye shi.”

Ta juyo gare ni. “Shu'aibu, idona ba ya gani sosai ta cikin robar nan. Masu kyau ne?”

Na dubi aljihun tebur. Na buɗe baki, na ji ina cewa, “To, Gwaggo, wato a yadda ake gani daga waje...” Maganar ta tsaya a nan. Abin da ya biyo baya, na sha juya shi a raina, kuma ba zan iya rantsuwa cewa niyya na yi ba. Ba na jin jarumta ce. Mai saye ta ce ba ta gani, hannuna kuma ya san abin da ake yi in mai saye bai gani ba. Na ɓalle murfin, na jawo langar Inna, na juye su a ciki, na girgiza, na miƙa mata.

Farar langa ce, santsi gare ta kamar madubi, kuma ba basilin a bakinta. 'Ya'yan dubiya suka yi ta zamewa suna komawa tsakiya, suka lafe. Sauran kuwa, duk da hodar da ke jikinsu, suka kama bango suka hau. Suka zubo ta baki, suka bi yatsuna, suka bazu a kan tebur, wani ya shige cikin hannun rigata. Girgizar ta kakkaɓe musu hoda, ga layuka biyu nan a bayan kan manyan ciki, ko mai raunin ido zai gani. Shekararta nawa tana ciyar da tsaka, ba ta bukaci in yi mata bayani ba. Ta dubi Oga kawai. Sannan ta karɓi langar daga hannuna, ta rufe ta da murfinta da sauran a ciki, ta ce za ta kai wa likitan dabbobi ya gani. Ta ɗauki lemarta ta fita.

Oga bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tashi ya ciro takardata daga bango, ya zare ta daga gilashin, ya ajiye min a tebur. Ya ce in kwashe kayana. Na ce, “Fasfo ɗin fa, ranka ya daɗe, ko da daga baya ne?” Ya ce wane fasfo, shi bai taɓa ganina ba, in kuma ina da ja in kira 'yan sanda su zo su duba bizata.

Ɗanlami ya raka ni har bakin titi, ruwa ya fara sauka. Ya cire rigar ruwansa ya yafa min.

“Wallahi Farfesa kai wawa ne. Duk Kano ta arewa ba a taɓa haifar wawa irinka ba. A kan tsaka!”

“Ba na jin a kan tsakar ne.”

“Rufe min baki.” Ya share ido da tsumman kafaɗarsa. Ya kwatanta min wani ƙaramin masallaci a bayan gonakin, ya ce ladanin mutumin kirki ne. “In Allah ya kai ka gida, ka je Minjibir ka ce musu ina aikin kamfani. Kada ka kuskura ka zuba musu ni a faifai.”

Zango na uku barandar masallacin nan ce. Ladanin ya bar ni ina kwana a ɗakin ajiye tabarmi, ina share harabar, in an samu abinci a raba da ni, in ba a samu ba mu haɗu mu yi shiru. Ba na fita titi don tsoron kamu. Juma'a ta zo ta wuce ban kira gida ba, don ban san da wace murya zan yi magana ba. A nan na gane mutum ba fasfo kamar akuya ce ba igiya ba mai ita, duk wanda ya ga dama ya kora.

Wata rana da azahar na hango lema tana tahowa. Ɗanlami ne ya gaya mata inda nake. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta miƙo min ƙunshi a cikin tawul. Langata ce, da ɗumi. Na buɗe, shinkafa ce da kifi har baki. Ta ce ta wanke ta da tafasasshen ruwa, ta sake wankewa. Na tsaya ina kallon farin bangon langar, ina ganin inda suka bi suka hau. A gidanmu ko tsaka ce ta gifta ta kan kwano an daina ci a cikinsa sai an yi ta wanke shi. Amma rabona da abin kirki tun jiya da safe. Na zauna a dakalin na yi bisimilla, na cinye tas, tana tsaye tana riƙe min lema. Ta ce biyun sun fara cin abinci, wani mai kiwo a wani gari yake aiko mata.

Ta je wurin Oga neman fasfo ɗina, ya ce mata bai san zancen ba. Abin da ta iya shi ne ta sa ni a motarta ta kai ni ofishin jakadancinmu, lokacin da aka ba marasa takarda dama su miƙa kansu a mayar da su gida. Daga nan sai zango na huɗu, wani sansani mai waya a kewaye, inda muka zauna da mutanen ƙasashe iri-iri muna jiran a kira suna. Ba zan ce an zalunce ni a can ba, jira ne dai, kuma jira ma ciwo ne. Ɗakin cike yake da ƙananan nan masu layuka biyu. Kowa na dukansu da silifa, ni kuwa sai in kama kaina ina duba bayan kansu.

Da takarda guda ta wucin gadi na sauka Kano, ba tsaraba, ba maganin ƙwarin rumbu. Na hau ƙaramar bas zuwa Tsanyawa, na ƙarasa ƙauye a ƙafa ta cikin gonaki. An yanke gero, an jingine dammuna, dawa ce kawai ta rage a tsaye. Inna ta rungume ni tana kuka tana cewa na rame, sannan ta zazzage jakata, ta ciro langar ta juya ta.

“Ka ga, ba na ce za ta yi maka amfani ba?”

Da la'asar ta zubo min tuwo a cikinta, muka zauna da Baba a zaure. Wata tsaka ta fito daga bayan buhu ta kama bango, siririya, fara, irin tamu. Inna da ke tsaye a ƙofa ta wurga mata takalmi ta kuskure, ta ce, “Shu'aibu, kana kallo!” Na ce ban yi saurin gani ba. Baba ya dube ni.

“To, ba mu labarin aikin. Mutane suna ta tambayata a kasuwa.”

Na yi niyyar in ce ya ɗan shafi ƙwari. Amma langar tana gabana, shi kuma yana jira. Sai na faɗa masa duka, tun daga bencin filin jirgi, da robobi, da abin da tsaka ke ci, da hodar da na barbaɗa da hannuna, da tsohuwar, da fasfo ɗin da na baro a aljihun teburin wani. Inna ta dafe ƙirji tana salati, ta dubi langar, ta dube ni. Baba yana ta murza gemunsa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya yi maganar abokansa na kasuwa, ko ta shekarun da suka tafi a banza.

Can ya ce, “Da ka juye wa matar a langa, ka girgiza na ƙasa ya hau sama?”

“Na girgiza, Baba.”

“To.” Ya jawo langar tsakaninmu, ya wanke hannu, ya gutsuri tuwon. “Sa hannu, zai huce.”